Goyon Kwalba

Injin ya mutu ne ana saura 'yan makonni ɗalibai su kare aikinsu na ƙarshe a gaban malamai. Ba wani babban inji ba ne. Akwati ne kamar ƙaramin firji, sai dai shi ɗumi yake bayarwa maimakon sanyi, kuma a cikinsa akwai faranti mai rawa da ake jera kwalabe a kai. Serah ta shigo ɗakin gwaji da safe ta tarar da shi shiru yana warin ƙonanniyar waya. Malam Ashafa, mai duba aikinta, yana tsaye a kansa hannu a ƙugu, kamar wanda ya zo ta'aziyya ya rasa wanda zai yi wa.

Aikin Serah ba mai wuyar faɗi ba ne. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ta samo a ƙasar wurin da ake dafa mazarƙwaila a bayan garin Makarfi, ƙanana ne ainun, ido ba ya ganinsu. In aka zuba su a ruwan rake aka kula da su yadda suke so, sai su yi ta haihuwa, daga baya su tara wani abu a cikinsu kamar yadda mutum ke tara kitse. In an fasa su an wanke an shanya, abin nan roba ne, irin wadda za a iya yin leda da ita, amma ledar da ƙasa ke cinyewa in an yar. Serah ta zaɓi wannan aiki ne tun ranar da aka yanka akuyarta da ta daina kiwo, aka tarar da baƙar leda cunkus a tumbinta.

Malam ya ce kayan gyaran sai an aiko daga nesa, kuma shi a saninsa abin da aka ce za a aiko daga nesa ba ya gaggawa. Shawararsa ita ce ta haƙura ta bi 'yan baɗi.

To ita Serah ba ta da baɗi. Shekara guda ta riga ta wuce ta lokacin da ta haifi Matta. Mijinta Gilbert yana aikin gini a Kaduna, sai ƙarshen wata ake ganinsa. Abin da ya sa ta iya komawa makaranta bana shi ne surukarta, Mama Selina, da ta baro gonarta a Saulawa ta zo riƙon yarinyar. Ita kuwa tsohuwar tun ranar da ta sauka, ba ta ko ajiye ƙunshin kayanta ba, ta faɗi sharaɗinta: dawa na nuna za ta koma, ba ta kuma zuwa. Ga shi kan dawa ya fara ja a gonakin bakin hanya.

Serah ta daɗe tana kallon akwatin. Can ta tambayi Malam shin me injin yake yi wa ƙwayoyin wanda ba a iya yi musu da hannu. Ya ce abu biyu ne kawai. Yana riƙe su da ɗumi, kusa da ɗumin jikin mutum, don in sun ji sanyi sai su yi lamo, in zafi ya yi yawa su mutu. Sannan yana girgiza su ba tsayawa don iska ta shiga ruwan, domin su ma numfashi suke yi.

"Ɗumin jiki da jijjiga," in ji Serah. "Malam, ai goyo ke nan."

Malam Ashafa ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce shi bai ce ta yi ba, bai kuma ce kar ta yi ba. Amma in za ta yi, to ta riƙa auna zafin bayan tana rubutawa, kar ta bari ruwan ya taɓa audugar da aka toshe bakin kwalbar da ita, kuma kowa ya rantse mata ba zai buɗe ba. Ita kuma ta tsare shi da tambayar da ta fi damunta: ƙwayoyin nan suna cutar da yaro? Ya ce a'a, na ƙasa ne, Matta ta ci dubunsu tun da ta fara rarrafe. Ta sake tambaya ta wata hanya. Ta kuma sakewa ta wata. Sai da ya ce in yarinyar ta ko yi atishawa a kawo masa ita gida, sannan ta naɗe kwalabe uku a tawul ta sa a kwando.

A gida ta sa wa kwalba ɗaya tsohuwar safar Gilbert don kar ta zame, ta ɗora ta tsakiyar baya, ta ja zani ta ɗaure, ta ƙara majanyi. Dogon wuyan kwalbar ya leƙo sama da farin kansa na auduga. Mama Selina na zaune a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Ta dubi surukarta tun daga sama har ƙasa, ta ce ita dai ta bar goyon 'yar tsana tun kafin ta yi haƙoran girma, amma ta ji an ce boko ba ya tsufa.

Wadda abin ya fi yi wa ciwo Matta ce. Yarinya ta fara tafiya, ta iya "Mama" da "a'a", kuma duk duniya ba ta san wani gida ba sai bayan uwarta. Ta zagayo ta ga an ba wani wurin. Ba ta yi kuka nan take ba. Ta je madafa ta ɗauko ludayi. Da ƙyar Serah ta juya a kan lokaci, dukan ya sauka a ƙugunta.

Saura kwalabe biyu, baya kuwa ɗaya ne. Serah ta leƙa ta katanga wurin maƙwabciyarta Adama, mai fura, wadda tun fitowar rana har la'asar taɓarya ba ta sauka daga hannunta. Adama ta yaye ɗanta ba da daɗewa ba. Ta saurari bayanin har ƙarshe, tambayarta ɗaya ce: yana fitsari? Da aka ce ba ya yi, ta juya baya ta ce a ɗaura.

Ta ukun ce ta zama aiki. Mama Selina ta ce ita riƙon jika ta zo yi, ba riƙon tulu ba. Serah ba ta yi musu ba. Ta ajiye kwalbar a gefen tabarmar tsohuwar, a inuwa, ta shiga wanke-wanke, tana faɗa wa iska cewa ai shi ke nan, sanyi zai kama su su mutu, Allah ya sa ba su jin zafin mutuwa. Ba a jima ba ta ji tsaki, sannan ta ji ƙarar yafa zani.

Haka gidan ya koma. Safe da rana da yamma Serah na bin bayan mata da ma'aunin zafi tana cusawa tsakanin zani da fata. Mama Selina ta ce duk haihuwar da ta yi ba wanda ya taɓa auna mata baya, kuma ga Gilbert nan ya girma har yana ɗaukar buhun siminti.

Ranar kasuwa Serah ta fita cefane da goyonta, ta lulluɓe shi da tawul saboda rana. Mai daddawa, tsohuwar da ta san ta tun tana amarya, ta yi mata barka, ta yi faɗan yadda aka haihu ba a gaya mata ba, ta miƙa hannu ta ɗaga tawul don ta ga kamar wa ya ɗauko. Ta yi ido huɗu da auduga. Ta mayar da tawul a hankali, ta gyara shi sosai, ta ce Allah ya raya, ta ƙara wa Serah daddawa biyu gyara. Kafin Serah ta kai layin masu tumatur har an fara ba ta hanya.

Amma ƙwayoyin sun karɓi goyo. Ruwan da yake garau ya fara gurɓacewa kamar an ɗiga masa nono, alamar suna yawa. Na bayan Adama ne ya fi kauri, don dakan fura ba ƙaramar girgiza ba ce. Na Serah na biye. Na Mama Selina ya fi kowanne ɗumi amma yana baya, saboda zama take yi, ƙwayoyin sun kwanta a gindin kwalba suna hutawa tare da ita. Da Serah ta faɗi haka, tsohuwar ta ce yaro mai haƙuri ne, ba kowane ɗa ke zuwa da rawar kai ba. A ranar ce aka fara jin tana kiransa Auta. Kwana kaɗan bayan haka Serah ta gan ta tana zagaya mangwaro tana jijjiga shi, tana yi masa waƙar da take yi wa Matta.

Sai aka zo gaɓar da Serah ta fi tsoro. Ta kai kwalaben ɗakin gwaji, aka tace ƙwayoyin aka sauya musu ruwa. Na farkon yana da komai. Wannan kuwa zaƙin rake ne zalla, an rage masa sinadarin da ke gina jiki, irin wanda ke cikin wake da gyaɗa da takin zamani. Dalilin shi ne, muddin ƙwayar na samun duk abin da take so, haihuwa kawai za ta yi ta yi, ba ta ajiye komai. Sai ta ga abin gina jiki ya yanke, ga kuma zaƙi a yalwace, sannan hankalinta ke tashi ta fara cika rumbu. Rumbun nan shi ne robar.

Mama Selina ta ɗaga kwalbarta a rana ta ga ruwan ya yi fari fat. Ta nemi bayani, aka yi mata.

"Wato horon yunwa za ki yi masa."

"Ba yunwa ba ce sosai, Mama. Akwai zaƙi."

"Ke in aka ba Matta rake safe da yamma, ba tuwo ba miya, sai ki ce ta ci abinci?"

Serah ce fa mai bin Matta da cokali daga ƙofar ɗaki har bakin rijiya saboda loma ɗaya. Ita kanta da ta ɗaura tata kwalbar ranar sai da ta ji wani iri, ta ci tuwonta a tsaye da sauri kamar mai cin na sata. Ta dai roƙi tsohuwar, don girman Allah, kar a buɗe audugar. Mama Selina ta ce ta ji. Ba ta ce ta yarda ba, amma Serah ba ta lura da bambancin ba sai daga baya.

A makon nan ne Matta ta fara haƙoran gefe. Jiki ya yi zafi, ga zawo, ga rigima, ta ƙi hannun kowa. Serah ba ta tsaya lissafi ba. Ta kwance kwalbar ta jingine ta a gindin randa, ta mayar da 'yarta mazauninta. In yarinyar ta yi barci sai ta sauke ta ta ɗauki kwalba, in ta motsa ta sauke kwalba ta ɗauke ta. Sau da yawa ma mantawa take yi, sai ta zo ɗiban ruwa ta tarar da kwalbar ta yi sanyi kamar randar. Ta san abin da hakan ke nufi. Ta sa ranta a kan sauran biyun.

Ranar Lahadi Mama Selina ta ce ba za ta bar Auta shi kaɗai a gida ba. Ta ɗaura sabon zanin zumuntar mata, ta goya shi, suka tafi coci. Da aka zo waƙar baiko mata suka fito layi suna taka rawa, tsohuwar na tsakiya, ta manta da ciwon gwiwa. Serah na zaune a baya da Matta a cinya, har tana jin daɗi, tana cewa a ranta yau dai ƙwayoyin Mama sun sha iska. Sai ta ga audugar tana tasowa a hankali kamar naman kaza bayan ruwa. Audugar ta yi tsalle ta faɗa kan ɗankwalin matar da ke gaba. Kumfa ta biyo, fara, mai kauri, ta gangaro ta wuyan kwalba ta bi sabon zani. Wari ya tashi, irin na kunun da ya kwana biyu a rufe. Matar Fasto, da yake uwa ce, ba ta ko duba ba ta zaro tsumma daga jaka ta miƙa, tana cewa ba komai, haka yara suke.

A hanyar gida Serah ba ta tambaya ba, tsohuwar ce ta faɗa da kanta, ba kuma da muryar mai laifi ba. Kunun gyaɗa ne, cokali ɗaya da safe. Ran da ta ga ya yi fari da yawa ta ƙara masa romon wake. Ta ce ita abu ba zai kwana a bayanta da yunwa ba, ko na boko ne, kuma ai Serah ta gani da idonta yadda ya murmure.

Ya kuwa murmure. Da aka duba a madubin ƙara girma, kwalbar Mama Selina ta zama kasuwa: ga ƙwayoyin Serah sun yi ɓul-ɓul ba su ajiye komai ba, ga baƙi iri-iri da suka shigo ta cokali suna ta hidimarsu. Malam Ashafa ya daɗe da ido a kan madubin, ya ce tunda yake koyarwa bai taɓa ganin bakteriya cikin wadata irin wannan ba. Roba kuwa ko ƙyas. Kwalbar Serah ta ba da ɗan abin da za a iya lakata da farce. Ta Adama, wadda ta sha dakan fura ba tausayi, ba a kuma taɓa tambayarta ko ta ci ba, ita ce da aka fasa aka wanke aka shanya a faranti ta bar wani ɗan fallen abu fari-fari mai faɗin ganyen zogale. Serah ta ɗaga shi da hantsaki, ya lanƙwasa bai karye ba. Sai da ta zauna.

Malam ya yi murna ƙwarai, har ya kira malamin ofishin kusa ya zo ya gani. Bayan nan ya sake cire tabarau, kuma Serah ta riga ta gane cewa cire tabaran nan ba ya zuwa da alheri. Ya ce abin da ya faru sau ɗaya labari ne, ba sakamako ba. Malaman za su ce dace ne. Sai an maimaita, da kwalabe fiye da ɗaya a bayan masu daka, a ga ko za a sake samu. Ya roƙa mata alfarma saboda mutuwar injin, an yarda ta kare nata aikin bayan na sauran, wajen ƙarshen kaka.

Ƙarshen kaka. A kan acaɓa tana komawa gida Serah ta ga har an fara yankan dawa a wata gona. Wanda zai riƙe Matta ranakun tacewa da wankewa a ɗakin gwaji babu, balle bayan da zai ɗauki ƙarin kwalba. Ta shiga gida ta tarar da ƙunshin kayan Mama Selina a ɗaure a bakin ƙofa, sabon zanin da aka wanke yana shanye a igiya, shi kaɗai ake jira ya bushe.

Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ba ta labari tana zagaye-zagaye. Ta ce an samu roba, an gode Allah, an gode wa kowa da kowa. Tsohuwar ta bar ta ta gama.

"Na wa ya yi?"

"Na Adama ya ɗan fi."

"Naki fa?"

"Kaɗan."

"Auta fa?"

Serah ta dubi ƙasa. Ta ce Malam ya yaba lafiyarsa ƙwarai.

"Ba lafiyarsa na tambaye ki ba, uwar Matta."

"Bai yi ba, Mama. Ko kaɗan."

Ta katanga ana jin taɓaryar Adama tana sauka, ita kuma tana ɗan waƙa. Tsohuwar ta tambaya ko za a rubuta wannan a takardar da malamai za su karanta. Serah ta ce dole ne, amma ba a sa suna, kwalba ta ɗaya, ta biyu, ta uku kawai ake cewa. Tsohuwar ta ce duk Makarfi wa bai san mai kwalba ta uku ba, bayan abin da ya faru a coci? Ita da ta goyi nata ta goyi na 'yan'uwa, ta goyi marayu biyu a Saulawa, ba a taɓa cewa ga wanda ya lalace a bayanta ba, yau a buga a littafi cewa yarinyar da aka haifa jiya ta fi ta goyo?

Serah ta buɗe baki za ta ce ba haka ake nufi ba. Sai wani abu ya ce mata ta rufe, ta rufe.

Tsohuwar ta sa aka kira mata ƙanin Gilbert a waya. Ta ce masa ya nemi mutane su yanke dawar, ya kuma sani ta san yawan damin da gonar ke bayarwa. Ta kashe, ta kwance ƙunshin kayanta, ta ce a je a gaya wa Adama a aro mata turmi da taɓarya, gerun furar ma a raba biyu ta ɗauki rabi, ba ta son ko sisi.

Da sababbin kwalaben suka iso, Serah ta naɗe bakin ta Mama Selina da zare ta ƙulla, ta kuma kwashe cokulan gidan ta sa a jakar makaranta. Tsohuwar ta ga duk abin da aka yi. Ta yi kwanakin ƙoshi tana daka har gumi na bin zani, Adama na amsa mata ta katanga. Ranar da aka sauya ruwa aka shiga kwanakin yunwa, ta sake gwada sa'arta sau ɗaya, ta ce ko ɗan ruwan kunun ne, wanda aka tace, ba gyaɗar. Serah ta ce a'a, karo na farko ke nan da ta taɓa ce wa surukarta a'a.

Da hantsi Serah ta fito daga ɗaki, Matta na barci a bayanta, ta hangi tsohuwar a gindin mangwaro da kofin kununta. Ta ajiye kofin, ta miƙa hannu baya ta laluba, ta zaro hular sanyin Matta daga ƙugu ta kifa wa kwalbar a ka, ta ja ta har wuya.

"Yi haƙuri," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba ni ba ce, uwarka ce."

Sannan ta ɗauki kofin ta shanye da sauri, ta goge baki, ta tashi ta kama taɓarya.